Kafin Ka Sa Aska a Bangon Tsohon Komik

Ƙannena, a cikinku akwai waɗanda finafinan Spider-Man da Batman suka ja har suka koma bibiyar littattafan da aka ciro labaran daga cikinsu, wato komik, mujallun nan na Amurka da ake ba da labari da zane. Wasunku suna karatu ko aiki a can, wasu kuma daga gida suke leƙa kasuwar ta intanet, suna mamakin yadda abin da aka sayar wa yara a kan santi 10 ko 12 ya zama dukiya. Duk wanda ya daɗe a wannan harka, wata rana tsohon littafi zai faɗo hannunsa da araha, ya kai shi gaban fitila ya ga ashe wani ya riga shi taɓawa: an ɗiga baƙin launi inda bango ya koɗe, ko an shafa gam inda ya yage. Nan take masu shawara za su taso masa, su ce a cire gyaran kafin a kai wa masu ba da maki, kuɗinsa zai ninka. Tawa shawarar ita ce, a mafi yawan lokuta ku bar littafin yadda kuka same shi. Akwai inda cirewar take da hujja, zan kuma nuna muku wurin, amma ƙofar ƙarama ce.

Sai kun san abin da ke tunzura mutane kafin ku gane dalilina. A shekarar 2000 kamfanin CGC, wanda ke Sarasota a jihar Florida, ya fara karɓar komik yana dubawa, ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe shi a cikin kwanson roba mai garai-garai, ya maƙala tambari a sama. Littafin da ba a yi masa gyara ba tambarinsa shuɗi ne. Wanda aka gano an gyara, tambarinsa shunayya ne, kuma makin da ke jikinsa na yadda yake a ido ne kawai, ba na ainihin halinsa ba. Kasuwa ta tsani wannan launi har masu tarawa suka laƙaba masa sunan tambarin mutuwa. A watan Afrilun 2024, gidan gwanjon Heritage ya sayar da Action Comics na 1, fitowar Yunin 1938 wadda Superman ya fara bayyana a ciki, mai maki 8.5 wanda ba a yi masa gyara ba, a kan dala miliyan 6. A gwanjon nan dai aka sayar da wani kwafin na wannan fitowa, wanda ƙwararru suka gyara, mai maki 8.0 na ido, a kan dala 576,000. Labari ɗaya, bango ɗaya, rabin maki ne tsakaninsu, amma kuɗin na biyun bai kai kashi ɗaya cikin goma na na farkon ba. Wanda ya ga wannan tazara, ba abin mamaki ba ne hannunsa ya fara ƙaiƙayin neman reza.

Wanda ya taɓa raka wani sayen mota ya san wannan hali. Mai saye yakan fi son fas bodi mai ƙwarzane da 'yar lotsawa a kan wadda aka yi wa sabon fenti tana ƙyalli, domin bai san abin da fentin ya rufe ba. To amma ba mu taɓa ganin mai hankalin da ya kankare fentin motarsa da wuƙa ya ce ta koma fas bodi ba. A komik kuwa abin da ake yi ke nan, kuma dokar masu ba da maki ta yarda da shi: idan aka cire duk abin da aka ƙara, littafin yakan koma shuɗi, sai dai a lissafa ramukan da kankarar ta bari a matsayin lahani, maki ya sauka.

Tambayar farko da zan so ku yi ita ce, me aka yi wa littafin, kuma da me aka yi? Duk hukuncin yana nan. Cikon launi shi ne gyaran da aka fi cin karo da shi, kuma iri biyu ne. Ƙwararre yakan yi aiki da fentin akirilik ko launin ruwa, ya ɗora shi a saman takarda ko a saman cikon da ya yi, don haka wani ƙwararren yana iya ɗaga shi da bakin aska a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ɓarnar ta tsaya kaɗan. Yaro kuwa, ko ɗan kasuwa mai gaggawa, maka ko biro yake ɗauka ya bi gadon bayan littafi yana toshe fararen layukan da lanƙwasa ta haifar. Tawadar maka ba ta zama a sama. Takardar tana shanye ta har ta ɓullo ta bayan bango, shi ya sa idan kuna zargin littafi, ku buɗe bangon ku duba cikinsa daidai wurin, sau da yawa za ku ga ɗigon ya huda. Irin wannan ba shi da hanyar fita sai an tafi da takardar da ta sha shi, a kankare har ƙasa ko a yanke wurin. Abin da ake kira cire gyara a nan, a gaskiya huda bango ne. Na ga hotunan littattafan da aka yi wa haka, gadon bayansu kamar ɓera ya bi yana gutsura, kuma suna zaune cikin kwanso da shuɗin tambari, mai su yana murna.

Akwai gyare-gyaren da ma ba a maganar cire su. Idan an datse gefen littafi da reza don ya yi kaifi, kamar yadda aka sha yi wa littattafan Marvel na farkon shekarun 1960 waɗanda gefen bangonsu ke fiffirgewa tun daga maɗaba'a, takardar ta tafi ke nan, kuma za a rubuta an datse shi komai abin da kuka yi bayan haka. Idan an wanke bango da ruwa ko da sinadari, wankin ya riga ya canza jikin takardar. Idan an fesa masa abin ƙyalli, da wuya ya fita ba tare da ya ɗauki tawadar asali ba. Littafin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan, ko kun kankare duk wani ɗigon launi da ke jikinsa, ba zai samu shuɗin tambarin da kuke nema ba. Sai ku tashi da ramuka a bango da tambarin da kuka guda, ga maki ya faɗi, ga ladan aiki kun biya. Garin gyaran gira an rasa ido.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina: wane aiki gyaran yake yi? Wani gyaran kwalliya ce, don a rufe ido. Wani kuwa shi ke riƙe da ran littafin. Ku tuna da irin takardar da aka buga waɗannan mujallu a kanta. Takardar jarida ce mafi araha, daga niƙaƙƙen itace, cike da sinadarin lignin da ke sa ta yin ja tana tara asid, har ta kai inda idan ka lanƙwasa kusurwa sai ta karye. Ba a yi ta don ta shekara tamanin ba. An yi ta don yaro ya karanta ya ba abokinsa, a ƙarshe a jefar, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kwashe su da yawa a gangamin tara tsohuwar takarda. Action Comics na 1 an buga kwafi kusan 200,000, yau ana kiyasin waɗanda suka rage ba su wuce ɗari ba sosai. Littafin da ya tsallake duk wannan, gadon bayansa ya tsage, wani mai ilimi ya liƙa masa siririyar takardar Japan da gam na sitacin alkama don kada bangon ya rabu biyu, idan ka cire wannan liƙi ka mayar masa da tsagarsa, kuma a takardar da ta fi da tsufa. Wasu sukan ce ai zai shiga kwanso, babu mai sake taɓa shi. Kwanson yakan yi tafiya a jirgi da mota, yakan faɗi, littafin yana motsi a ciki, kuma wata rana wani zai fasa shi.

Shi kansa kamfanin CGC ya gane cewa ba daidai ba ne a haɗa mai ceton littafi da mai rufe aibi a tukunya ɗaya. A 2014 ya sake fasalin hukuncinsa. Ya raba ingancin gyara gida uku, A da B da C, daga aikin ƙwararre da kayan da suka dace zuwa aikin ɗan koyo da gam na kanti, ya kuma raba yawansa daga 1 zuwa 5. Sannan ya fito da wani tambari na daban domin littattafan da aka yi wa aikin adanawa kawai: liƙe yaga, ƙarfafa gadon baya, mayar da guntun da ya ɓalle, canza fil ɗin da ya yi tsatsa, ba tare da an ƙara launi ba. Wannan ya buɗe hanya ta tsakiya da matasa da yawa ba su lura da ita. Idan littafi yana da ɗan cikon launi na sama da kuma liƙi mai kyau, ana iya ɗage launin a bar liƙin, ya fita daga shunayya ya shiga ajin adanawa, jikinsa bai raunana ba. Haka kuma littattafan da suka girmi 1950, idan gam ko launin da ke jikinsu ɗan mitsitsi ne ƙwarai, kamfanin yakan ba su shuɗin tambari ya rubuta bayanin abin da ya gani. Mutum yana iya ɓata bango don gudun hukuncin da ma ba za a yanke masa ba.

Yanzu ga lissafi, tunda na san shi ne ya kawo yawancinku. Makin da ke kan tambarin shunayya ba shi za ku samu bayan cirewa ba. Mu ƙaddara littafinku 6.0 ne na ido. Abin da gyaran ya ɓoye zai fito, a ƙara masa da tabon aska, ya dawo 4.0 ko ƙasa da haka. Abin da za ku kwatanta shi ne farashin 4.0 mai shuɗi da farashin 6.0 mai shunayya, na wannan fitowar takamaimai, daga cinikin da aka riga aka ƙulla, ba daga kuɗin da mai kaya ke roƙo ba. Kundin gwanjon Heritage da wurare irin su GPAnalysis da GoCollect suna ajiye irin wannan tarihi. Daga ribar da kuka hango sai ku cire ladan mai cirewa, da kuɗin ba da maki wanda ke hawa gwargwadon darajar littafi, da kuɗin aikawa da inshora zuwa da dawowa, duk da dala, da watannin da kuɗinku zai kwana a hannun mutane. Sannan ku sake lissafin da zaton cewa makin zai faɗi fiye da yadda aka yi muku alkawari, domin babu wanda ya san abin da ke ƙarƙashin fenti sai an ɗaga shi. Idan ribar ba ta tsira daga wannan lissafi na biyu ba, babu ita. A littafi mai ɗan matsakaicin kuɗi, kusan kullum kuɗin aikin ne ke cinye ta. A manyan littattafai irin su Amazing Fantasy na 15 na 1962, inda Spider-Man ya fara fitowa, ko Detective Comics na 27 na 1939 mai ɗauke da Batman na farko, tazarar takan isa ta biya komai, amma a can ne kuskuren aska ɗaya yake cin kuɗin gida.

Wani abu kuma da shekaru suka nuna: ra'ayin kasuwa yana juyawa. Bayan da Robert Overstreet ya fitar da kundin farashinsa na farko a 1970, komik ya fara zama kadara, sana'ar gyara ta bunƙasa, kuma a shekarun 1980 mai littafi yakan biya ƙwararre da alfahari don a gyara masa, a ɗauka ya ƙara masa daraja. Tambarin shunayya ya zo ya kifar da wannan tunani. Gugar littafi da zafi da danshi don a baje lanƙwasa, wadda aka yi ta rigima a kanta a shekarun 2000 wasu na cewa gyara ce a ɓoye, yau ta zama ruwan dare, kamfanin ma ba ya lissafa ta cikin gyara. Ajin adanawa da babu shi kafin 2014 yanzu yana da masu nemansa. Mutanen da suka cika littattafai da fenti jiya suna bin kasuwar zamaninsu ne, masu kankarewa yau ma tasu suke bi, littafin ne ke shan wuya sau biyu. Ku da kuke da shekaru ashirin da 'yan kai, za ku ga dokokin nan sun sake canzawa kafin furfura ta fito muku, ramin da aka huda a bango kuwa yana nan inda yake.

To ina ƙofar da na ce akwai? Idan gyaran ɗigo ne ɗaya ko biyu na launi a saman takarda, bai huda ba, ba ya riƙe da komai, kuma an tabbatar babu datsa ko wanki a tare da shi, cire shi ba laifi. Idan ɗan gam ne da ya bushe a sama wanda zai ɓantare ba tare da ya ja zaren takarda ba, shi ma haka. Akwai kuma cirewar da ba don tambari ake yi ba, don lafiyar littafin ne: gam na roba da ke rina takarda ruwan ƙasa, fil mai tsatsa da ke cin shafukan tsakiya, tsohon salatif da ruwansa ke ratsa bango yana mai da shi kamar an zuba mai. Waɗannan ciwo ne mai ci gaba, barinsu shi ne ɓarnar. Abin dariya, salatif da ya fi kowa illa ba a lissafa shi cikin gyara, lahani ake ɗaukarsa, don haka littafi mai fama da shi yana iya zama shuɗi, wanda aka yi wa magani na ƙwarai kuma ya fita daga shuɗin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku launin tambari ba ma'aunin lafiyar littafi ba ne.

Ko a waɗannan wuraren, kada ku yi da hannunku. Bidiyon da kuke gani na mutum da reza da auduga yana aiki cikin minti biyar, ba a nuna muku littattafan da ya lalata kafin hannunsa ya faɗa. Akwai masu wannan sana'a, ciki har da CCS, ɗan'uwan CGC a gida ɗaya, kuma sukan duba littafi tukuna su faɗi ko ya cancanci a taɓa shi. Ku biya kuɗin dubawar, ya fi arha a kan nadama. Ku lura dai cewa mai cirewa da ladan cirewa yake ci, ba zargi ba ne, haka kowace sana'a take, don haka ku nemi ra'ayin wani wanda ba shi da ko sisi a cikin maganar. Ku tambayi mai aikin kai tsaye: takarda za ta tafi ko ba za ta tafi ba, kuma wane maki mafi ƙasƙanci yake hange? Wanda ya yi muku rantsuwa a kan maki, ku ɗauke littafinku. Kafin ma ku kai ga kowa, fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita takan tona gam da wasu launuka a ɗaki mai duhu, ko da yake ba komai take kamawa ba, baƙar tawada musamman takan ɓuya mata.

Saura maganar amana, wadda ba a cika yi ba a wannan kasuwa. Littafin da aka cire wa gyara yakan fito da shuɗin tambari, kuma tambarin ba lallai ya ba da labarin abin da ya faru ba. Mai saye zai ɗauka littafi ne da ya tsufa da kansa, alhali an fente shi an kuma kankare. Dokar kamfani ba ta tilasta muku faɗa, amma mu mun tashi a tarbiyyar da ta hana ɓoye aibin kaya, har malaman fiƙihu suka ba mai saye damar mayar da abin da aka rufe masa lahaninsa. Ku ɗauki hoton littafin gaba da baya da cikin bango kafin a taɓa shi, ku ajiye takardar mai aikin, ranar sayarwa ku nuna. Wataƙila ya rage muku wani abu a farashi. Kasuwar tsofaffin komik ƙarama ce, manyan kwafi sanannu ne, masu bin diddigi suna ajiye hotunan gwanjon shekaru da yawa suna kwatanta lanƙwasa da lanƙwasa, kuma sukan gane littafin da ya sauya riga. Idan kuma kun fasa kwanso don a sake ba da maki, ku mayar wa kamfanin tsohon tambarin, don a goge shi daga ƙidayar da suke yi, kada littafi ɗaya ya zama biyu a lissafi.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan ba za su taɓa riƙe komik na 1939 ba. Amma a gidajenmu akwai takardun da suka fi shi daraja a wurinmu: rubutun ajami na kakanni, wasiƙun da aka gada, tsohon bugun Magana Jari Ce da bangonsa ya saki. Hannun da ke saurin ɗauko salatif ya liƙa, shi ne kuma ke saurin ɓamɓare wanda wani ya liƙa shekaru talatin baya, ya tafi da layin rubutu. Ƙa'idar masu adana takardu a ko'ina ita ce kada a yi wa takarda abin da ba za a iya warwarewa ba, kuma kada a warware abin da warwarewarsa za ta ci takarda. Idan irin wannan na hannunku, ku sa shi a kwance tsakanin farar takarda mai tsabta, nesa da rana da danshin damina da gara, ku nemi masu aikin adana rubuce-rubuce, irin waɗanda ke Gidan Arewa a Kaduna, su gani kafin kowa ya taɓa.